Neman Shawara: 'Yata Ta Kasa Barci Saboda Tsoron Dodo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da yarinya 'yar shekara bakwai, wadda kakarta ta saba yi mata tatsuniya bayan sallar isha'i, kuma ban taɓa ganin aibun haka ba sai a watan jiya, da ta ga hoton wani ƙaton maciji mai fukafukai yana feso wuta a wayar yayanta. Tun daga ranar ta ɗauka shi ne Dodon da kakarta ke ba ta labari. Ko buta ba ta yarda ta ɗauko a tsakar gida da dare, kuma takan farka ta riƙe mini zani tana tambaya ko Dodo yana iya shigowa ta taga. Mahaifinta ya ce a daina tatsuniyar baki ɗaya. Ni kuwa ba na son ta rasa abin da muka tashi a cikinsa, kuma ba na son in ce mata duk abin da ido bai gani ba babu shi, alhali mun yi imani da aljanu. Don Allah ku ba ni shawara.

Wani malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, abin da na ga yana kwantar wa yara da hankali shi ne a gaya musu inda irin waɗannan halittu suka samo asali, domin da yawansu dabbobi ne na gaske da matafiya suka hango daga nesa, labari ya yi ta ƙaruwa daga baki zuwa baki. A watan Janairun 1493 Kolumbus, Baturen nan matafiyin teku, ya ce ya ga matan ruwa guda uku a yankin Karibiyan, masu rabin jikin mutum rabin kifi, amma masana sun ce ayu ne ya gani, ɗan'uwan wanda masuntanmu suka sani a kogin Binuwai da na Kwara. Haka kuma Turawa sun daɗe suna sayen wani dogon ƙaho murɗaɗɗe da tsada, suna cewa na doki ne mai ƙaho ɗaya a goshi, sai daga baya aka tabbatar haƙorin wata babbar dabbar ruwa ne ta tekun arewa mai ƙanƙara. Ko dodon tafkin Loch Ness na ƙasar Sikotilan, hotonsa da ya fi shahara, wanda aka buga a 1934, an tona asirinsa a 1994 cewa haɗa shi aka yi da jirgin wasan yara. Ki nemo mata hoton ayu ta gani da idonta.

Wata uwa:
Ina so ki fara bincika ko akwai mai yi mata barazana da Dodo idan ta ƙi cin abinci ko ta yi ƙiriniya, domin sau da yawa tsoron daga nan yake shiga, ba daga tatsuniyar ba. Gaskiya ne iyaye a ko'ina sun yi amfani da irin wannan don kare 'ya'yansu. Mu an hana mu zuwa kududdufi da labarin 'yan ruwa, mutanen Japan kuma suna da Kappa, wanda suka ce yana zaune a kogi da ɗan ƙoƙon ruwa a tsakar kansa, yana jan yara cikin ruwa. Amma ki lura, har hanyar cin galaba a kansa sun koya wa yaran: idan ka rusuna ka gaishe shi, dole ya rusuna ya amsa, ruwan ya zube, ƙarfinsa ya ƙare. Yaro yana jure labarin tsoro idan an nuna masa mafita.

Wani ɗan'uwa:
Game da damuwarki ta biyu, ki raba mata abubuwan gida biyu. Aljanu halittar Allah ne, har da surarsu a Alƙur'ani, kuma ba su da ikon cutar da kowa sai da izininSa. Dodo kuwa ƙagaggen labari ne kamar Gizo da Ƙoƙi. Ki riƙa zama kusa da ita ku karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi, ta tofa a tafin hannunta ta shafe jikinta da kanta.

Wata kaka:
'Yata, kada a hana kakarta tatsuniya. A dai roƙe ta kada ta bari yarinyar ta yi barci labari bai kai ga ƙurunƙus ba, domin galibi a ƙarshe ne ake yi wa Dodo wayo a ga bayansa, wanda ya yi barci a tsakiya kuwa da Dodo mai rai yake kwana. Shi kuma macijin da ta gani, ki gaya mata a ƙasar Sin irinsa alamar ruwan sama ne da sa'a, har rawarsa yara ke bi a titi lokacin sabuwar shekara. Idan Allah ya kai ku Daura, ki kai ta rijiyar Kusugu, inda aka ce maciji ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a kafin Bayajidda ya kashe shi. Ta leƙa da kanta, ta sha ruwan.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na bincika, ashe yayan nata ne ke ce mata Dodo yana bayan randa. Na yi masa magana, kuma yau da dare ni ma zan zauna a tabarma mu ji tatsuniyar har ƙarshenta.