Shito da fitsarin yaro sun ɓata min kushin, ya zan wanke?

Maman Ummi, Nima:
Salamu alaikum ƴan uwa, don Allah a taimaka min da shawara. Jiya aka yi sunan ɗan ƙanwata a gidanmu a unguwar Nima ta Akra, baƙi sun cika falo, wani ya zubar min da miyar manja har da shito (soyayyen yajin barkono mai maiƙo) a hannun kujera, yaron wata baƙuwa kuma ya tsula fitsari a mai zaman mutum uku ba wanda ya faɗa min sai da safe zarni ya tashe ni. Kushin ɗin na yadi ne ruwan toka, kafinta ya haɗa mana. Maƙwabciyata ta ce in jiƙa Omo da parazon (bilicin wanki) in kwara masa in dirje da buroshi, wani yaro kuma wai kalanzir ke cire manja. Ga damina rana ba ta fitowa. Wanne zan bi?

Hajiyar Mamobi:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kul, kar ki kai parazon kusa da kujerar nan! Zai cinye kalar yadin ya bar miki farin tabo da ba ya gyaruwa, kuma in ya haɗu da fitsari wani tururi yake tayarwa mai yaji a ido da ƙirji, haka ma in aka gauraya shi da binega. A falo mai taga ɗaya ga yara, ai ba abin wasa ba ne.
Manjan ki fara kwashe na sama da cokali a hankali, ki barbaɗa garin sitaci ko hodar jarirai ya tsotse maiƙon, in ya jima ki kakkaɓe. Sai ki ɗiga sabulun wanke kwano kaɗan a ruwan ɗumi ki kaɗa, kumfar za ki ɗiba da farin tsumma ki dinga dannawa daga gefen tabon zuwa tsakiya, dannawa fa na ce, in kika dirza faɗaɗa shi za ki yi. Farin tsumma kuma, kar ki yago tsohuwar atamfa ta zuba miki kala a kai. Shito yana da taurin kai, sai kin maimaita.

Mai gyaran kushin:
Hajiya ta gama magana, ƙari kawai zan yi. Anti, abin da ke kashe kushin a garin nan ruwa ne. Ana kwara masa bokiti sama ta bushe a zaci an gama, alhali soson ciki ya sha ya ƙoshi, ga iskar Akra da danshin teku, kwana kaɗan fumfuna ta kama, katakon ƙasa ya fara ruɓewa ƙusa ta yi tsatsa ta fito da jan tabo. Irin su ake kawo mana, in ka farke yadin sai ka toshe hanci. Omo ma in bai fita tas ba yana barin farin gari yana jan datti.
Masu kujerun ƙasar waje su duba ƙasan matashin akwai ƴar takarda, W na nufin ruwa ya halatta, S ban da ruwa, WS duka biyun, X kuwa sharewa kawai ko injin zuƙe ƙura. Na kafintanmu ba su da wannan, don haka ki fara gwadawa a bayan kujera inda ido ba ya kaiwa, ki jira ya bushe ki gani ko kala ta motsa.
Kalanzir kuwa a bar shi inda yake, soso ne fa, a ɗauke wuta wani ya kunna kyandir kusa ko a shigo da kurfoti (murhun gawayi), Allah ya kiyaye.

Ƴar Sabon Zango:
Yaya, na fitsarin ni ga yadda nake yi da na ƴan biyuna. Farin binega da ruwa rabi da rabi, ki fesa sama sama, ki shimfiɗa busasshen tawul ki hau ki taka shi ya jawo na ciki, ki canza tawul har ya daina jiƙa. Sai bekin soda ki barbaɗa da yawa ya kwana, da safe ki share. Ana samu a kasuwar Makola wajen masu kayan kek, ki ce soda kar su ba ki bekin fauda. Turaren wuta ba ya kashe zarni, haɗuwa suke yi abin ya fi muni wallahi.

Maman Ummi, Nima:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Malam matashin yana da zif, in cire rigar in wanke daban?

Mai gyaran kushin:
Ki cire amma da ruwan sanyi, a hannu, ki shanya a inuwa don ruwan zafi na sa ta tsuke ta ƙi shiga. Soson ki jingine shi tsaye ki sakar masa fanka, kar ki mayar sai kin matsa tsakiyarsa kin ji ba danshi ko kaɗan. In zarnin ya ƙi fita a yanko miki sabon soso na wannan matashin kaɗai.