Zan mayar da motata gas, inshora zai canza ne?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin harkar inshora ku taimaka min. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 fetur yake cin aljihuna, kullum Agege zuwa Apapa ga gosulo, shi ne nake so in kai Corolla ta a sa mata tukunyar gas a but. Dama na canza mata rim da na sayo a kasuwar kayan mota ta Ladipo na kuma sa baƙin gilashi. Babbar inshora nake da ita, wadda ke biyan har gyaran motata. Dole sai na gaya wa kamfanin? Kuɗin zai ƙaru? Wani abokina ya ce in yi shiru kawai ba wanda zai duba.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar ka bi shawarar nan wallahi. Ba wanda zai duba yanzu, gaskiya ne, amma ranar da tsautsayi ya faɗa za su turo injiniyansu ya duba motar, yana buɗe but ya ga tukunyar da babu ita a takarda to ka ba su hujjar ƙin biya da hannunka, musamman in gobara ce, Allah ya kiyaye. Su a kan motar da ka bayyana musu suka yi yarjejeniya da kai. Ka rubuta musu tun kafin a taɓa motar, su amsa a rubuce su ƙara shi a takardarka, maganar waya ba ta zama shaida.
Maganar kuɗi kuma, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, wato NAICOM, ta ce babbar inshora kar ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota, kaga in kayan gas ɗin sun kai a ce miliyan ɗaya, wajen dubu 50 ke nan zai hau a shekara in kana so su ma a rufe su. Rim ma haka ne, in ba ka faɗa ba aka sace ko ya fashe, kuɗin na asali za su lissafa maka.

Alhaji na Mile 12:
Ni dai ƙaramar nan ta dole nake yi, dubu 15, ban ga an tambaye ni rim ko gas ba.

Baban Ummi:
Alhaji ai taka farashinta a yanke yake, kuma motar wanda ka buge take gyarawa har miliyan 3, taka kuwa ko sisi. Shi nasa lissafin daban ne.

Maman Hanif:
Ka kula da inda za ka kai aikin, wurin da gwamnati ta amince da shi ka je ka karɓi rasit da takardar shaida, kar a sa maka tukunyar da aka yi wa walda a bayan gareji, da ranka ake magana. Baƙin gilashi kuma izinin 'yan sanda yake buƙata. Sannan in kana ɗaukar fasinja da Bolt shi ma ka faɗa musu, inshorar motar gida ba ta rufe haya.

Ɗan Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bolt kam ina ɗan taɓawa ranar Asabar, gobe in sha Allahu zan tura musu imel in haɗa duka. Wa ya san wurin sa gas mai kyau wajen Ikeja?