Abin da aka faɗa kan kalmar "cautionner"

Muhawarar da aka yi kan ma'anar wannan kalma ta Faransanci ta yi tsawo, ga abin da na tattaro:

1. Kowa ya yarda cewa a harkar banki da kotu, "cautionner" na nufin tsaya wa mai cin bashi: in ya kasa biya, kai za a bi. Lauyoyi sun fi cewa "se porter caution".

2. A Nijar dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka) kan lamuni, wadda aka sabunta a Lome a 2010, ce ke aiki. Dole a yi tsayawar a rubuce, mai tsayawa ya rubuta iyakar kuɗin da hannunsa, da lambobi da haruffa. In suka saɓa, na haruffa ake bi. Wanda bai iya rubutu ba sai da shaidu biyu. Wannan gaɓar, a ganina, ita ce mafi amfani.

3. 'Yan siyasa kan ce "je ne cautionne pas", wato ba na goyon baya. Babu kuɗi a ciki.

Inda aka rabu shi ne "caution" ɗin haya, wato kuɗin ajiya da ɗan haya ke ba mai gida. Wasu sun ce kuskure ne, sunansa "dépôt de garantie". Wasu kuma suka ce a Yamai da Maraɗi kowa "caution" yake kiransa.