An yi mini gyaran hanci bai yi yadda nake so ba, in sake shiga tiyata?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Tun ina yarinya ake tsokanata saboda wani ɗan tudu da ke kan karan hancina, har ta kai ba na yarda a ɗauke ni hoto ta gefe, kuma mahaifiyata ba ta amince da maganar tiyata ba sai da yayata ta daɗe tana lallashinta. Yanzu wata 7 ke nan da yin aikin. Tudun ya tafi, amma kan hancin ya yi kauri ya ɗan karkata hagu, kuma da dare ɓangaren dama yakan toshe. Likitan da ya yi aikin ya ce in yi haƙuri, sai dai na samu wani da ya ce zai gyara a wata mai kamawa. Me kuke gani?

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki bari a taɓa hancin nan yanzu. Kumburin kan hanci yakan ɗauki wata 12 kafin ya sauka, wani lokaci har wata 18 idan fatar mai kauri ce, saboda haka abin da kike gani a madubi bai gama zama ba. Aiki na biyu kuma ya fi na farko wuya, domin likita zai tarar da tabo a ƙarƙashin fata, kuma idan an riga an yi amfani da guringuntsin tsakiyar hanci, sai an ɗebo wani daga kunne ko haƙarƙari. Duk likitan da yake gaggawar yanka ki a wata na 8, ni ban yarda da shi ba.

Wata mamba: Ni na saɓa da Anti. Haka aka riƙa ce mini in yi haƙuri bayan nawa aikin, shekara ta cika ban ga wani canji ba, likitan ma ya daina ɗaga wayata, ma'aikatansa kuma suna kallona kamar mai neman fitina. Har yau abin yana ci mini rai. 'Yar uwa, ki je a yi miki allurar cike fata ta daidaita karkatar, ba yanka ba jinya.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Wannan shawara tana da haɗari. Hancin da aka yi wa tiyata hanyoyin jininsa sun canza, kuma idan allurar ta toshe jijiyar jini fatar wurin tana iya mutuwa, har ido ma yakan makance, ko da yake hakan bai cika faruwa ba. Ban da haka, allurar ƙara cika take yi, mai tambaya kuwa kauri take kuka da shi. Ƙanwata, ki karɓo rahoton tiyatar farko da hotunan da aka ɗauka kafin aikin, sannan ki kai maganar toshewar wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, domin numfashi ya fi siffa muhimmanci.

Wani mamba: Malama, ba ki gaya mana ko kina shan toshewar tun kafin aikin ba, ba ki kuma faɗi ko likita na biyu ya duba cikin hancin ko hoto kawai ya gani ba.

Mai tambaya: Na gode, amma ba da ka na zaɓi likitan nan na biyu ba. Na ga hotunan mutanen da ya yi wa gyara, kuma ya saurare ni fiye da na farko. Anti, jira yana da sauƙin faɗa ga wanda ba shi ne yake fita da wannan fuskar kullum ba.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya: Hotunan da ya ga dama ya nuna miki. Ki tambaye shi daga ina zai samo guringuntsi, kuma me ya sa ba zai jira shekara ta cika ba.

Mai tambaya: Ya ce nawa ƙaramin gyara ne. Ban soke ranar da ya ba ni ba tukuna. Akwai wadda aka ɗebo mata daga kunne ta gaya mini ko wurin yana barin alama?