Me za mu kira "minimal" da Hausa?

Mai zanen tambari, Shara Mansur, Makka:
Jama'a, ku taya ni. Sana'ata zanen tambari da katin biki da allon shago. Samarin Saudiyya in sun zo cewa suke a yi musu "minimal": kala ɗaya ko biyu, rubutu kaɗan, ragowar takardar a bar ta fara. Wasu su ce basiɗ, wasu nazif, wato mai sauƙi da mai tsafta da Larabci. Matsalata da namu ce. In na ce wa Bahaushe "mai sauƙi", abin da yake ji shi ne mai araha, nan take ya soma neman ragi, alhali aikin ya fi cin lokaci. Ko "tsaftataccen zane" zai yi?

Mai ɗinkin labule da kujerun majalisa, Jidda:
Ɗana, ajiye tsafta gefe. Ɗakin amarya na da, jeren kwalla da samira har rufi, ana goge su kullum suna walƙiya, wa zai ce ba tsafta? Amma ai ba shi kake nufi ba. Yanzu amare cewa suke kujera ruwan toka, labule ba zare mai ruwan gwal, bango ba hoto sai agogo. Ni "mai sarari" nake ce musu, kuma suna ganewa.

Ɗalibi, Jami'ar Musulunci ta Madina:
Hajiya, sarari ya dace da ɗaki, amma a PowerPoint fa? Mu a nan mutum zai kwashe shafi guda na bincikensa ya zuba a allo, ya juya mana ƙeya yana karantawa. Guy Kawasaki, wanda ya yi aiki a Apple, yana da ƙa'ida: shafi 10, minti 20, kada girman harafi ya gaza 30. Ni "taƙaitacce" na zaɓa.

Tsohon malamin Hausa, Umdurman:
Taƙaitawa ta tsawo ce, ɗalibi. Huɗuba ake taƙaitawa. Shafi uku ma yana iya zama cunkus.

Ku dubi abin da masu salon suka yi. Makarantar koyon zane ta Bauhaus da aka buɗe a Jamus a 1919 ta koyar da cewa amfanin abu ne zai ba shi siffa, ba ado ba. Dieter Rams, wanda ya tsara rediyoyin kamfanin Braun, takensa shi ne a rage amma a inganta. Kashi na biyun nan shi ne kalmominku suka bari a baya. Ba ragewa kawai ake ba, zaɓe ake yi: wannan ya zauna, wancan ya fita. A 2019 Mastercard, kamfanin katin biyan kuɗi, ya cire sunansa daga tambarinsa, ya bar da'ira biyu, ja da rawaya. Ba ƙarancin tawada ya sa shi ba, ya san da'irar ce ke ɗauke da nauyin.

Hausa tana da wannan aikin a madafa. Mace ta niƙa gero, ta zuba a mataci, dusa ta tsaya, gasara ta wuce. Ba mai cewa koko ya fi dusa araha. Don haka: tataccen zane. Fi'ilinsa ma yana nan a shirye, "tace min tambarin nan", "shafin nan bai tatu ba".

Maɗinkin manyan riguna, Makka:
Malam, da girmanka, akwai inda ta soke ni. In wancan ne tatacce, aska takwas da nake yi a ƙirjin riga dusa ke nan? Zanen bangon gidajen Zariya fa?

Tsohon malamin Hausa, Umdurman:
A'a, Alhaji. Kishiyar tatacce cunkusasshe ne, ba ƙawatacce ba. Aska takwas ta san wurin zamanta, ta bar sauran rigar fili. Dagin Arewa kuwa layi ne ya sarƙe kansa, ba ƙari ba ragi, ka rage girmansa ya koma kan hula ana gane shi. Cunkusasshe shi ne katin biki mai fure da zobe da tattabara biyu da rubutu kala biyar.

Mai zanen tambari, Shara Mansur, Makka:
Wallahi irin katin nan shi aka fi kawo mini. Na karɓi tataccen zane, zan sa a takardar farashi: tatacce, ƙawatacce, kowane da kuɗinsa.

Mai ɗinkin labule da kujerun majalisa, Jidda:
Ku yi ta yi a takarda. Ni dai ba zan dubi uwar amarya in ce ɗakin 'yarta tatacce ne ba, sai ta ɗauka ina nufin an tatike su. Mai sarari nake cewa.