Kaset-kaset ɗin Westlife sun haura shekara 20 a kwali, ta yaya zan mayar da su waya?

Abban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da kwali guda cike da kaset-kaset da faya-fayan CD da VCD na Westlife, da 'yan kaɗan na Backstreet Boys da Boyzone, duk na tsakanin 2000 zuwa 2004. Galibinsu kwafen kasuwa ne. Na san waƙoƙin suna YouTube da Spotify, amma idan na saurara a can sai in ji kamar ba su ba, sun yi tsaf da yawa kuma kamar an ja su a hankali. Sautin kaset ɗin nan nake nema. Na gwada ɗaya a tsohuwar rikoda, ta tauna zaren nan take. Don Allah masu sani, ta ina zan fara?

Injiniya:

Wa alaikumus salam, Malam. Da farko kada ka sake sa ko ɗaya a waccan rikodar sai an duba ta. Ba kaset ɗin ne ya yi laifi ba. Abu biyu ne ke sa na'ura tauna zare. Akwai 'yar tayar roba da ke matse zaren a jikin wani siririn ƙarfe mai juyawa. Idan ta tsufa takan yi ƙyalli da santsi, ko ta yi danƙo, sai zaren ya naɗe a jikinta. Na biyu bel ɗin ciki ne, wanda zafin garinmu kan sa ya saki ko ya narke ya koma baƙin danƙo. Idan ya saki, ɓangaren da ke naɗe zare ya daina ja, alhali tayar tana ci gaba da turo shi, sai ya taru ya cukurkuɗe. Mai gyaran rediyo zai canja bel cikin ɗan lokaci, amma ka ce masa ya sa mai faɗi da tsawon na asali. Wanda ya matse da yawa yana wahalar da injin da ke juya shi, sautin ya riƙa rawa.

Kan rikodar, wato ɗan ƙarfen da ke karanta sauti daga zare, da wancan siririn ƙarfe mai juyawa ka goge su da tsinken auduga da sifirit, na kemis mai ƙarfin kashi 90 ko fiye ya fi. Za ka ga audugar ta yi ruwan ƙasa. Ci gaba da canja ta har ta fito fari. Tayar robar kuwa kaɗan za ka shafa mata, domin sifirit yana busar da roba. Ka bar su su bushe minti 10, sannan ka gwada da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba.

Su kansu kaset-kaset ɗin, kafin ka danna kunnawa ka tura kowanne har ƙarshe, ka dawo da shi farko, don zaren da ya manne ya saki. Wanda ya cije ka juya shi da biro a hankali. Leƙa ƙasan kaset ɗin, tsakiyar inda zare yake wucewa, akwai ɗan guntun soso da ke tokare zaren a kan rikoda. Gam ɗinsa yakan bushe ya faɗi, kuma ba tare da shi ba sauti zai fito a dushe ko ya riƙa ɗaukewa. Idan kwanson mai sukuru 5 ne, kwance shi ka mayar da zaren cikin wani kwanso mai lafiya. Wanda aka like da zafi sai an tsaga shi ta gefe. Inda zare ya tsinke, kada a haɗa da jan farce ko salatif kamar yadda aka saba. Gam ɗin yana tsattsafowa ya like zagayen da ke kusa. Akwai siririn tef na haɗa zare, a bayan zaren ake manna shi, ba a fuskar da ke taɓa kai ba. Wanda ka ga farin funfuna a jikinsa ka ware shi, shi za a yi a ƙarshe, a sake goge kai bayansa.

Na Sabon Gari:

Injiniya ya gama da na'ura, bari in ɗora kan naɗar sautin. Kada ka kara waya a bakin lasifika, kuma kada ka sa kebul a ramin makirfon na laftof: yawancinsu sauti ɗaya suke ɗauka maimakon hagu da dama, kuma ƙarfin da ke fitowa daga rikoda ya fi ƙarfinsu, sai murya ta fashe. Nemi ɗan akwatin sauti na USB, irin su Behringer UCA202, ka haɗa shi da laftof da kuma ramuka ja da fari na bayan rikodar. Idan ramin abin kunne kaɗai take da shi, zai yi, amma ka rage ƙara zuwa ƙasa da rabi.

Manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce. Saita ta a 44,100 Hz, sitiriyo, ka daidaita ƙara yadda wuri mafi ƙarfi a waƙa ba zai wuce -6 dB ba. Waƙoƙin Westlife suna yaudara a nan: sukan fara a sanyaye da murya ɗaya, can wajen ƙarshe a ɗaga sauti duka muryoyin su haɗu. Don haka da amshin ƙarshe za ka gwada, ba da farkon waƙa ba. Naɗi fuska guda gaba ɗaya, minti 30 a kaset C60, minti 45 a C90, daga baya ka yayyanka. Fayil ɗin sauti na WAV, wanda ba a matse ba, yana cin kimanin MB 10 a minti, wato C90 ɗaya ya kusa MB 900. Idan ka ji gurnani a ƙasan sauti, na wutar lantarki ne. Zare cajar laftof ka yi aiki da batir, kuma kada ka naɗa lokacin da ake kan janareta.

Maɓallin Dolby, mai rage shuuu ɗin kaset, ka bar shi a kashe sai idan an rubuta Dolby a jikin kaset. Kwafen kasuwa galibi ba da shi aka naɗa ba, kunna shi kashe kaifin murya kawai zai yi. Idan duk da haka sauti ya dushe, akwai ƙaramin sukuru a gefen kan rikoda da ke daidaita karkatarsa. Juya shi kaɗan-kaɗan waƙa tana tafiya har ka ji harafin "s" ya fito sarai. Ka yi alama a inda yake tun farko don ka iya mayarwa.

Maganar da ka yi cewa na intanet kamar an ja su a hankali, wataƙila kunnenka bai yi ƙarya ba. Gudun kaset santimita 4.76 ne a daƙiƙa, amma injinan kwafe da ƙananan rikodoji ba sa tsayawa daidai. Idan waƙar minti 4 cif ta ƙare a minti 3 da daƙiƙa 52, an yi gudu da fiye da kashi 3 cikin 100, kuma muryoyin sun ɗan hau sama. Wanda ya girma da wannan, shi kunnensa ya ɗauka a matsayin daidai. Audacity na iya gyara gudun, tana kuma iya rage shuuu ɗin kaset, amma shawarata ka ajiye naɗin farko yadda ya fito, ka yi gyara a kan kwafi. Yawan gogewa yana sa murya ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa, ga shi abin da kake nema ɗin ne za ka goge.

Maman Iman:

Sannunku da ƙoƙari. Abban Hanifa, kafin ka sa wa fayiloli suna, kada ka yarda da abin da aka buga a bangon kwafen kasuwa. Sukan cika kaset da waƙoƙin Boyzone, wani lokaci har da Michael Learns to Rock na ƙasar Denmark, duk a ƙarƙashin hoton Westlife. Ruɗanin da Boyzone ba abin mamaki ba ne, duka 'yan Ireland ne kuma Louis Walsh ne manajansu a wancan lokaci. Abin da zai taimake ka shi ne jerin kundayensu na wancan zamani: na farko mai sunan ƙungiyar a 1999, Coast to Coast a 2000, World of Our Own a 2001, tarin Unbreakable a 2002, sai Turnaround a 2003. Duka waɗannan su biyar ne: Shane Filan, Mark Feehily, Kian Egan, Nicky Byrne da Brian McFadden. Brian ya fita a Maris 2004, don haka duk bangon da ka ga mutum huɗu, bayan nan aka yi shi. Waƙar da ka kasa ganewa, kunna wa Shazam, manhajar gane waƙa, daƙiƙa 15 daga tsakiyarta, amma kan kwafin da aka gyara wa gudu.

Su CD kuma, a goge da tattausan ƙyalle daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba. A kula da fuskar da ke da rubutu fiye da mai ƙyalli, domin bayanan suna dab da ita. Idan ka ɗaga faifan a haske ka ga ƙananan huji, abin da ke wurin ya tafi. Wajen kwafo waƙoƙin zuwa kwamfuta, manhajar Exact Audio Copy ce ta fi dacewa da faifai mai ƙarce, tana maimaita karanta wurin da ya gagara. Sai dai wasu CD na kasuwa daga MP3 aka ƙona su. Buɗe waƙa ɗaya a Spek, manhajar da ke nuna zanen sauti. Idan sautin ya yanke ƙat a wajen 16 kHz, mai yiwuwa MP3 ne mai 128 kbps, ajiye shi a FLAC, tsarin fayil da ba ya rage ingancin sauti, ba zai ƙara masa komai ba sai cin wuri.

VCD ya fi sauƙi. Shiga jakar MPEGAV, kwafo fayilolin AVSEQ masu ƙarewa da .DAT, manhajar kallon bidiyo ta VLC za ta buɗe su kai tsaye. Hoton 352 ne da 288, a waya ya fi kyan gani fiye da babban talabijin.

Abban Hanifa:

Allah Ya saka muku da alheri. Wanda rikodar ta tauna fa, Injiniya, ya tafi ke nan?

Injiniya:

Bai tafi ba. Jawo wurin da ya yamutse, shimfiɗa shi a kan gilashi mai tsabta fuskar naɗi tana ƙasa, ka shafa bayansa da bayan cokali a hankali, sannan ka naɗe shi da biro ka bar shi kwana biyu ya kwanta. Kada ka sa masa dutsen guga. Sautin zai ɗan yi rawa na daƙiƙa ɗaya ko biyu a wurin, sauran kaset ɗin lafiya lau. Sautinsa ka fara naɗa a laftof da zarar bel ya shiga, domin wurin da ya taɓa yamutsewa shi ne ya fi saurin sake kamawa.