Wa ya tsige Balarabe Musa: majalisa ko masu zaɓe?

Malam Habibu, Gangare: Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar na faɗi wata magana a bakin shago aka taso mini, to ga ta nan. Ba ranar 23 ga Yunin 1981 aka tsige Balarabe Musa ba. Tun 21 ga Yulin 1979 aka gama da shi, ranar zaɓen majalisar dokokin tsohuwar jihar Kaduna. Cikin kujeru 99, jam'iyyar NPN ta kwashe 64, PRP, jam'iyyar Balarabe, ta tsira da 16. Bayan mako guda kuma aka ba shi gwamna. An ba mutum doki an riƙe linzami. Masu zaɓe ne suka yi wannan, ba 'yan majalisa ba.

Kawu Ɗanjuma, Anguwar Rogo: Wa alaikumus salam. Habibu, ka ji tsoron Allah. Lokacin ina Funtua, kafin a cire Katsina daga Kaduna, kuma na yi layin zaɓen nan. Talakan da aka soke wa haraji da jangali shi za ka ɗora wa laifi? Na ga yadda ake ɗaure magidanci a rana saboda kuɗin haraji, 'ya'yansa suna kallo. Balarabe ya kai sunayen kwamishinoni, majalisar da Mamman Ɗanmusa yake kakakinta ta yi ta watsi da su, har ya bar kujera ba shi da kwamishina ko ɗaya. Wannan ai gayya ce, domin ya kayar musu da Lawal Kaita, ɗan takarar gwamna na NPN.

Hajiya Binta, Rikkos: Kawu, a gafarce ni, amma shi ma marigayin yana da nasa. Shagari ma bai samu rinjaye a majalisar tarayya ba, sai ya ƙulla yarjejeniya da jam'iyyar NPP, har Ume-Ezeoke na NPP ya zama kakakin majalisar wakilai. Me ya hana Balarabe ya ba NPN wasu kujerun ya zauna lafiya? Wanda zai ci ƙwan kaza ai ba ya fasa mata gida.

Kawu Ɗanjuma: Binta, da ya raba musu kujeru, da wane ido zai kalli waɗanda suka yi ta ihun "PRP nasara"? Don a kawar da mutanen nan aka zaɓe shi. Kuma yarjejeniyar Shagarin da kike faɗa, ba a 1981 ɗin ta watse ba?

Malam Habibu: Ku dubi Kano. Gwamnanta Abubakar Rimi ma PRP ne, shi ma ya soke haraji da jangali, shi ma yana ɓangaren Santsi lokacin da PRP ta rabe biyu, suka raba gari da ɓangaren Taɓo na Malam Aminu Kano. Bakinsa kuwa ya fi na Balarabe kaifi nesa ba kusa ba. Amma ba a tsige shi ba, saboda majalisar Kano ta PRP ce. Ba hali ya bambanta su ba, Hajiya, lissafin kujeru ne.

Hajiya Binta: To ai Abba Musa Rimi da ya gaje shi, majalisar dai ita ce, kuma ya samu kwamishinoninsa. Ka ga ke nan hali yana da tasiri.

Usman, Bauchi Road: Iyayena, ina neman afuwa in sa baki. A nan Filato, a Nuwamban 2006, 'yan majalisa kaɗan ne suka tsige gwamna Dariye, kotu ta mayar da shi a 2007 saboda ba su kai adadin da doka ta ce ba. Shi Balarabe ya je kotu, amma bai dawo kan kujerarsa ba. Abin da ke damuna, yanzu ranar zaɓen gwamna ake na majalisar jiha, amma a layinmu da yawa ba su san sunan wanda suka dangwala wa ba.

Malam Habibu: Kawu, tambaya ɗaya, kada ka ga na yi rashin kunya. Ranar 21 ga Yuli wa ka jefa wa?

Kawu Ɗanjuma: Ba zan ɓoye maka ba. Ranar gwamna mabuɗi, alamar PRP, na jefa wa. Amma ta majalisa, gida da masara, alamar NPN, na ba. Ɗan takarar ɗan garinmu ne, ya zo gaisuwar rasuwar mahaifina, ban iya juya masa baya ba. Ranar da na ji a rediyo an tsige Balarabe, ban ci tuwon dare ba. Allah Ya jiƙansa.